Ranar da Na Ja Baba da Bikilinsa Zuwa Aliero

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Sarandosa wannan ba abin wasa ba ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce "kai", ko ya aiki ƙanena ya kira ni alhali ga ni tsaye a gabansa. Ba ya zama inda na zauna. In na yi abin kirki sai ya duƙar da kai ya ci gaba da tufkar igiyarsa, kamar ba a yi komai ba. Kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka shi ma ubansa ya yi masa. Na san haka sarai, amma abin yana mini ciwo. Na girma, na yi aure, na zama direba a tashar Jega ina jigilar albasa daga Aliero da a-kori-kurata, duk da haka a bakin Baba ni "kai" ne.

Motar ma bai taɓa shiga ba. In na je gida na ajiye ta a gindin tsamiya, sai ya kewaye ta daga nesa ya wuce. Shi dai dokinsa. Wani tsohon bikili ne mai farin goshi, da shi yake zuwa kasuwar Maiyama, da shi yake zuwa gaisuwar mutuwa da suna. Da hantsi za ka same shi a turke yana shafa masa wuya, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Fillanci, yana kiransa da sunayen lallami iri-iri. Ba zan ɓoye ba, na yi kishin dokin nan, da gemuna da komai.

A shekarun da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ne, lokacin muna ta faman sauya lambar mota, ƙanena ya same ni a tasha bayan girbi. Ya ce bikili ya zurma ƙafar gaba a wani rami a bakin fadama, ƙashin ya tsage a ƙasan gwiwa, ba ya iya taka ta. Ya ce Baba ya tare a turke, tuwo ma sai an yi da gaske yake taɓawa. Shi ƙanen nawa ya riga ya je Aliero wurin wani tsohon mai ɗori da Baba ya sani tun suna samari. Tsohon ya ce ba zai iya barin gida ba, zaurensa cike yake da masu karaya, kuma ɗorin doki ba na yini ɗaya ba ne. A kawo shi da wuri kafin kumburin ya hau, kuma a kawo shi a tsaye.

A tsaye! Nan fa ake yin ta. Dokin da ba ya taka ƙafa ba zai yi tafiyar Sarandosa zuwa Aliero ba. Bayan motata ya yi masa tudu, ya kuma yi masa gajarta. Masu lodin shanu na tasha suka taru a kaina da shawara, wai a kayar da shi a ɗaure ƙafafun a cusa shi cikin babbar mota yadda suke yi wa bijimai. Na ce musu in sun isa su je su faɗa wa Baba da bakinsu. Babu wanda ya tashi daga kan bencinsa.

Abin da ya rage shi ne a ƙera amalanke mai ƙasa-ƙasa, wadda doki zai iya hawa da ƙafa uku, in ja ta da mota. Ina da taubashi a Sabon Garin Jega, ɗan gwaggona, mai walda ne, kuma amalanken shanu ita ce sana'arsa. Duk manomin da ke tsakanin Jandutsi da Maiyama ya san hannunsa. Muna wasa da shi tun muna yara, ni in ce masa bawana, shi ya ce mini ɗan daji da ya ga sitiyari ya rikice. Da na faɗa masa ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya tashi ya ɗauko awo. Ya samo aksil, ƙarfen da ke haɗa tayoyi biyu, na wata matacciyar mota da tayoyinta, ya kafa akwati na ƙarfe a kai, aka shimfiɗa katako mai kauri, aka yi ƙofar baya wadda ke saukowa ta zama matakala. A gaba ya fitar da dogon wuya mai zobe a bakinsa, inda za a haɗa da mota.

Ana cikin wannan aikin ƙanena ya sake dawowa da saƙo. Baba ya ce bikili bai taɓa shiga wani abu mai tafiya ba, in aka bar shi shi kaɗai zai yi ta harbi har ya ƙarasa ƙafar. Saboda haka shi ma a cikin amalanken zai tafi, a tsaye, yana riƙe da kansa. Na ce a je a ba shi haƙuri, ni zan sa ƙanena a ciki, Baba ya zauna a gaba. Ƙanena ya dube ni kawai. Mu duka mun san Baba ba ya magana biyu, kuma zama kusa da ni kafaɗa da kafaɗa, wannan ko a mafarki.

Daga nan aikin ya sauya mini. Da ina tunanin doki ne. Yanzu ubana ne zai tsaya a cikin akwatin ƙarfe a bayana, kuma abin da zai riƙe shi da motata wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tsawon tafin hannuna ba. In ya kuɓuce a gangaren gadar Jega, babu birki a amalanke, babu sitiyari. Na sha ganin abin da hanya ke yi wa kayan da suka ɓalle. Tun daga ranar na zama masifaffe a shagon taubashina.

Taubashina yana so ya liƙa mahaɗin a jikin bamba, wai ai nan ya fi sauƙi. Na kama bambar da hannu na girgiza ta, ta yi ta rawa. Na ce masa wannan gwangwanin ko akuya ba zan ɗaure a jikinsa ba. Na kwanta a ƙarƙashin mota na nuna masa shasi, ƙashin motar ke nan, na ce a nan za a huda, a sa faranti mai kauri, a ɗaure da manyan noti, sannan ya bi da waldarsa. Ya ce na mai da shi yaron shago a shagonsa. Amma ya yi, kuma ya yi da kyau, don wajen wuta da ƙarfe ba ni da abin cewa a kansa.

Sai maganar fil, ƙarfen da ake zurawa ta cikin zoben ya haɗa wuya da mota. Ya duba ƙasa ya tsinto guntun rodin gini ya miƙo mini. Haba! Na ɗora shi a kan uwar maƙera na ba shi guduma, ya lanƙwashe nan take. Na bar masa shagon na shiga wurin 'yan gwangwan, na yi ta tonon tsummokaran injuna cikin rana. Duk wanda na ɗauko sai in rataye shi a yatsa in ƙwanƙwasa in saurara. Mai tsaga a ciki muryarsa a dushe take. Can na samu fil na tsohuwar tarakta, baƙi, mai nauyi, da kai a sama da huda a ƙasa inda ake sa makulli don kada ya yi tsalle ya fita. Da na buga shi ya yi wata ƙara mai tsawo, siririya. Mai kayan ya ce in aure zan yi da shi in faɗa masa ya nemo waliyyi.

Sarƙa ma haka. Aka nuno mini ta rijiya, aka nuno mini wadda ake kulle keke da ita, duk na ƙi. Na je wurin wani maigidana na da, wanda ya koya mini tuƙi, na roƙi sarƙar babbar motarsa wadda ake jan mota da ita in ta kafe. Na bi ta zobe-zobe da yatsa ina neman inda ta ci. Muka raba ta biyu, na gicciya su a ƙarƙashin wuyan, ta dama ta kama hagu, ta hagu ta kama dama. In fil ya ci amana, wuyan zai faɗa a kansu ne, ba zai caki ƙasa ya kifar da amalanken ba. Na bar musu ɗan sako-sako don shan kwana, amma ban bari su ja ƙasa ba.

Da aka gama na ce sai an gwada. Muka loda buhunan albasa har kimanin nauyin doki da mutum, muka hau hanyar Jandutsi, taubashina yana gefena yana cin gyaɗa. Da farko lafiya lau. Ina ƙara giya sai na ji bayan motar ya yi sauƙi, sitiyarin ya fara wasa a hannuna. Na kalli madubi, ga amalanke tana kaɗa gindi, dama, hagu, dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya. Ban taka birki ba, na san in na taka mun tafi. Na ɗaga ƙafa daga totur a hankali har ta lafa. Da muka tsaya gyaɗar taubashina duk ta watse a ƙasa, yana ta salati.

Muka sauka muna zagaya ta. Fil lafiya, sarƙa lafiya, tayoyi lafiya. Sai na cire fil ɗin, wuyan ya ɗago da kansa ya tsaya a iska. Na sa yatsa ɗaya na danna shi, ya sauka, na saki ya koma. Taubashina ya washe baki da alfahari, ya ce ka gani, daidai wa daida, ko yaro ya ɗaga ta. Nan na gane. Ya sa aksil ɗin a tsakiya cif, yadda yake yi wa amalanken shanu. Mai shanu ba ya son nauyi ya danne wuyan bijimansa, don haka gwanin mai ƙira shi ne wanda amalankensa ke tsayawa a kan tayoyinta ba ta rinjaya ko'ina ba. Duk rayuwarsa abin da ake yabonsa da shi ke nan. Mota kuwa ba sa ba ce, so take wuyan ya ɗan danne ta. Kuma albasa ma ba ta motsi. Doki in ya ja da baya taki ɗaya, sai ya ɗage mini tayoyin baya daga ƙasa.

Mun yi cacar baki a bakin hanyar nan har masu jakuna suka tsaya kallo. Ya ce in ya mayar da aksil baya, duk wanda ya ga amalanken zai ce bai iya aiki ba. Na ce masa kawunsa ne zai shiga ciki, ƙanen uwarsa. Ya duƙa ya tsince sauran gyaɗarsa. Muka koma ya yanke waldarsa da hannunsa, ya ja aksil ɗin baya kamar kamu ɗaya da rabi. Bayan nan sai mutum ya sa ƙarfi yake ɗaga wuyan. Muka sake fita da albasar, ta biyo ni salin alin. Ya kuma ƙara abin da ban ma tambaya ba, sandar ƙirji da ta baya da aka naɗe da buhu, da majanyi mai faɗi da zai bi ta ƙarƙashin cikin dokin ya rage wa ƙafar nauyi.

Na isa Sarandosa da sassafe. Baba ya rame, idanunsa sun faɗa. Aka zuba yashi da ciyawa a kan katakon don kada kofato ya zame. Bikili ya tsaya a bakin matakalar yana huci, ƙafar a rataye, ta kumbura har gwiwa. Babu wanda ya ja shi. Baba ne ya fara shiga, da baya da baya, yana riƙe da ragama yana yi masa maganar nan tasu, dokin ya bi shi da tsalle-tsalle har ciki.

Kafin wannan, na tsaya a gefen mahaɗin da gangan. Na goge fil ɗin, na shafa masa baƙin mai, sarƙoƙin a gicciye gwanin kyau. Tun daga Jega nake shirya abin da zan faɗa, yadda na ƙi bamba, yadda na ƙi rodi, yadda aka mayar da aksil. Da ya zo wucewa na ce, "Baba, ga inda aka haɗa, ko za ka duba."

Ko juyowa bai yi ba. Ya gyara malfarsa ya ce, "Mu tahi."

Wallahi raina ya ɓaci. Na shiga mota na ja ƙofa da ƙarfi. Na ce a raina ko mai sayen akuya yana duba igiyar da aka ba shi. Duk wahalar nan, duk ranar da na sha a wurin 'yan gwangwan, bai kai a yi masa kallo ɗaya ba don ni na yi shi. Da ƙanena ne da an tsaya an taɓa, an ce madalla.

Amma muna fara tafiya fushin ya bar ni, tsoro ya maye gurbinsa. Hanyar Sarandosa zuwa Maiyama burji ce mai ramuka, na bi ta a giya ta ɗaya da ta biyu, masu keke suna wuce mu. Ƙanena yana gefena. A madubi ba na ganin komai sai malfar Baba da kunnuwan bikili, wani lokaci da hannunsa a kan farin goshin nan. Ban taɓa samun damar kallonsa haka ba. A gida in na ɗago ido sai ya kau da kai, ni ma in kau da nawa. Ranar nan kuwa na kalle shi iya son raina, tun daga gonakin dawa da aka girbe har muka hau kwalta, shi kuma bai san ina yi ba. Na ga yadda wuyansa ya tsufa. Ina jin nauyinsa a cikin sitiyari, duk sanda ya gyara tsayuwa sai motar ta gaya mini.

Gangaren gadar da nake tsoro muka sauka lafiya, da ƙaramar giya. Muka ratsa Jega, yaran tasha suna ɗaga mana hannu. Abin ya zo ne a inda ban zata ba, a miƙaƙƙiyar hanya bayan mun bar gari. Wani jaki da kayan kara ya faɗo kan kwalta daga cikin gona. Na taka birki. Amalanken ta tunkuɗo ni daga baya, bikili ya zube a kan sandar ƙirji, sannan ya firgita ya ja da baya da dukkan ƙarfinsa. Na ji wata ƙara a ƙarƙashina, gam, motar ta girgiza har haƙorana suka haɗu. Na kalli madubi, babu malfa.

Ban san yadda na fita ba. Na fara duƙawa a mahaɗin. Zoben ya yi tsalle ya daki kan fil ɗin har ya bar masa tabo fari, makullin ƙasa ya ɗan karkace, amma komai yana wurinsa. Sarƙoƙin ko miƙewa ba su yi ba. Sannan na leƙa. Baba yana tsaye, kansa babu komai, ya rungume wuyan dokin da hannu biyu, leɓensa ya fashe yana jini kaɗan. Ya dubi gefen kunnena, ba idona ba.

"Mi yat tsaishe ka?" ya ce.

Na tsinto malfar a bakin hanya na kaɗe ta na miƙa masa. Na daidaita makullin da filaya, muka ci gaba.

Mun shiga Aliero rana ta take, garin duk warin albasa. A ƙofar gidan mai ɗori mutane ne zaune a inuwa, wannan da hannu a cikin kara, wancan da ƙafa a miƙe. Aka sauke bikili a hankali. Tsohon ya durƙusa ya bi ƙafar da yatsunsa, ya daɗe, sannan ya ce an kawo shi a kan kari, kuma tafiyar ba ta ƙara masa komai ba. Na ji Baba ya sauke numfashi.

Na koma bayan mota na tsuguna ina kwance sarƙa. Daga inda nake ba sa ganina sosai. Tsohon mai ɗori ya zo yana zagaya amalanken da sandarsa, yana tsokanar Baba irin ta tsofaffin abokai. Ya ƙwanƙwasa wuyan, ya ce yanzu da girmansa da hankalinsa ya ɗauki ransa ya rataya a wannan ɗan ƙarfen tun daga Sarandosa? Ya ce shi da ya ga ƙasusuwan da mota ke kawo masa kullum, ko an ɗaure shi ba zai shiga ba. Ya tambaye shi ko ya ma duba abin kafin ya hau.

Baba ya ce, "Ban duba ba."

Tsohon ya ce to wannan ai ganganci ne.

Baba ya shafa wuyan bikili. Sannan ya ce, da muryar nan tasa ta turke, "Wanda yaɗ ɗamre shi, ba a bin bayan ɗamrinai. Tun yana ƙarami, in yaɗ ɗamre maraƙi ban komawa dubi."

Na zauna a ƙasa da sarƙar a hannuna. Na daɗe a wurin ina yi kamar wani zobe ya maƙale, don ban isa in miƙe su ga fuskata ba. Ƙanena ya zo zai taya ni, na kore shi.

Bikili ya warke, amma da ɗingishi, ba a sake ɗora masa sirdi ba. Da lokacin komawa ya yi na kawo amalanken, Baba ya aiko ƙanena ya ce mini a bar ta, za su taka a hankali. Haka suka koma Sarandosa a ƙafa, shi a gaba dokin a baya, suna yada zango a gidajen 'yan'uwa. Bai sake shiga abin da nake ja ba har Allah ya karɓi ransa, kuma bai kira sunana ba ko sau ɗaya. Amalanken ta ƙare a dakon albasa a hannun wani manomi.

Ina kewarsa ƙwarai. Na daina tuƙin haya da daɗewa, idona ya yi rauni, yanzu ɗana ne ke kai ni in zan je gida. Shi ma ɗan fari ne, ba na kiran sunansa. Ina zama a baya. In muka bar Maiyama muka sauka kan burji, wani lokaci nakan ga idonsa a madubi yana kallona. Sai in juya wajen gonaki in bar shi ya kalla.